Tarihin "gida mai wayo": karanta wannan kafin ka zaɓi Alexa, Google ko Apple

1/ Yanzu duk mai sabon gini sai an ce masa ya sa fitilu, makulli da kyamara masu jin umarni daga waya. Sai tambaya ta taso: Alexa, Google Home, Apple ko SmartThings? Jama'a, kafin ku zuba kuɗi ku ji tarihin abin, domin akwai waɗanda suka wayi gari gidansu ya daina jin magana. 🧵

2/ Abin ba na yau ba ne. A 1975 kamfanin Pico Electronics da ke garin Glenrothes a Sikotilan ya ƙirƙiro X10. Saƙon "kunna" ko "kashe" ta cikin wayoyin wutar gidan yake bi. Ba intanet, ba rajista. Yana da nawa, yakan rikice, amma ba wanda ya isa ya kashe maka shi daga nesa.

3/ Daga baya aka koma rediyo mai ƙaramin ƙarfi: Z-Wave, na kamfanin Zensys na Denmark, da Zigbee, wanda aka kafa ƙungiyarsa a 2002. Na'urorin kan miƙa wa juna saƙo har ya isa inda aka aika shi, wani ɗan akwati kuma yana jagorantarsu. Har a nan iko na cikin gida.

4/ Shekarar 2014 ce ta sauya komai. A Janairu Google ya sanar da sayen Nest kan dala biliyan 3.2. A Yuni Apple ya fito da HomeKit. A Agusta Samsung ya saye SmartThings. A Nuwamba Amazon ya kawo Echo mai Alexa. Kowa ya ja tasa katangar, kayan wannan ba lallai su yi aiki da na wancan ba.

5/ Ga inda gizo ke saƙar. A yawancin sababbin kayan, in ka taɓa manhaja, umarnin sai ya bar gidanka ya je sabar kamfani a wata ƙasa, sannan ya dawo ga kwan fitilar da ke saman kanka. Kai ka sayi fitilar, amma makunninta na hannun wani.

6/ Mutanen Revolv suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Akwati ne na kusan dala 300 mai haɗa kayan kamfanoni daban-daban. Nest ya saye kamfanin a 2014. Ranar 15 ga Mayu 2016 aka kashe sabar, akwatin ya zama kwandon shara. Ba lalacewa ya yi ba fa, kashe shi aka yi. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin a mayar wa mutane kuɗinsu.

7/ Ba su kaɗai ba. Lowe's, babban kantin kayan gini a Amurka, ya rufe tsarinsa Iris a ƙarshen Maris 2019. A Mayu 2020 kuma Wink, wanda aka saya ba tare da kuɗin wata ba, ya ce ko ka riƙa biyan dala 4.99 duk wata ko a yanke ka, wa'adi mako ɗaya. An ɗaga wa'adin, amma kuɗin ya tabbata.

8/ Na Insteon ya fi ban mamaki. A Afrilu 2022 sabar ta ɗauke haka kawai, ba sanarwa, ba sallama. Manhaja ta mutu. Makunnan bango dai sun ci gaba da aiki da hannu. Sai a Yuni wasu daga cikin masu amfani da shi suka haɗa kai suka saye kamfanin, suka tayar da shi.

9/ Lura da wannan: waɗanda suka fi samun sauƙi a rikicin Insteon su ne masu sarrafa kayansu daga cikin gida, misali da Home Assistant. Paulus Schoutsen ya fara wannan manhaja a 2013. Kyauta ce, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, kuma kan ƙaramar kwamfuta take zama a ɗakinka. Sai dai tana son haƙuri da koyo.

10/ Su kansu manyan sun gane rabuwar kan na korar masu saye. A Disamba 2019 Amazon, Apple, Google da ƙungiyar Zigbee suka amince su samar da yare ɗaya. Shi ne Matter, wanda ya fito a Oktoba 2022. Na'ura mai tambarin Matter kan yi aiki da dukkansu, kuma kunnawa da kashewa ba sai da intanet ba.

11/ Amma kar a ɗauka an gama. Matter ya fi ƙarfi a abubuwa irin su fitila, soket da makulli. Wasu ƙarin ayyukan har yanzu sai da manhajar kamfanin da ya ƙera kayan. Masu amfani da rediyon Thread kuma suna buƙatar wata na'ura a gidan da za ta haɗa su da sauran.

12/ Mu nan abin ya fi shafar mu. Ku tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Gana suka shiga matsala. In ƙofarka sai ta nemi izini daga ƙetare kafin ta buɗe, to ran nan fa?

13/ Mai yin odar kaya daga waje kuma ya kula. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Zangon rediyon Z-Wave na Amurka ma daban yake da na Turai, in ka gauraya su ba za su ji juna ba.

14/ Tambayoyi huɗu ga mai sayarwa ko mai haɗa maka:
• In data ta ƙare, fitilar za ta kunnu?
• Akwai makunnin hannu, da mukulli na ƙarfe?
• Yana da Matter ko Zigbee?
• Wane aiki ne sai da kuɗin wata?

15/ In iyalinka duk iPhone ne, Apple zai fi muku sauƙi. In Android ne, Google, Alexa ko SmartThings. In kana son iko gaba ɗaya, Home Assistant. Amma ko wanne ka ɗauka, sayi kayan da za su bi ka in ka sauya sheƙa. Wayoyin bango kan yi shekara talatin, Revolv kuwa ko uku bai cika ba.

16/ Wanda ya riga ya haɗa nasa, wanne kake amfani da shi, kuma ya yake yi in an ɗauke wuta ko intanet? Ku faɗa mana a ƙasa, wasu su amfana.