Yadda Bishara Ta Shiga Harshen Sakson

'Yan'uwa, mukan ji ana cewa Kiristanci addinin Turawa ne, har wasunmu na ganin addu'a ta fi ƙarfi in da Turanci aka yi ta. Tarihin Turancin kansa bai nuna haka ba.

Bayan ƙarewar mulkin Romawa a Birtaniya wajen shekara ta 410, kabilun Sakson da Angal da Jut suka riƙa ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak suna zama a tsibirin. Daga Angal aka sami sunan Ingila. Sakson kuwa suka kafa masarautun Wessex da Essex da Sussex, wato Sakson na yamma, na gabas da na kudu. Harshen waɗannan baƙi shi ne tushen Turanci. Matsafa ne, sunayen allolinsu suna nan har yau cikin ranakun mako: Wednesday ranar Woden ce, Thursday kuma ta Thunor, allahn tsawa.

A shekara ta 597 Agustin, wanda Fafaroma Giregori ya aika, ya isa masarautar Kent. Sarki Etelbat, wanda matarsa Berta Kirista ce, ya ba shi izinin wa'azi, daga baya shi ma ya yi baftisma. Aikin bai yi sauri ba: Sakson na kudu sai wajen 681 suka fara karɓar bangaskiya.

Da suka tuba, da kalmomin gida suka yi ta faɗin abin da suka gaskata. Gospel ta fito daga god spel, wato labari mai daɗi. Lord ta fito daga hlaford, mai tsaron gurasa, maigidan da ke ciyar da mutanensa. Mu ma haka muke kiran Allah Ubangiji, uban gida. Malami Bede ya rasu a 735 yana kan juya Bisharar Yohanna zuwa harshen jama'a, kuma wajen shekara ta 1000 an riga an sami Bisharu huɗu cikin karin Sakson na yamma.

Ashe Turanci ma ya taɓa zama harshen masu bautar gumaka kafin ya ɗauki sunan Yesu. Mu kuma tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Kada mu ji kunyar yin addu'a, waƙa ko shaida da harshen da muka tashi da shi. Wanda ya ji Sakson yana jinmu.