Gaida Fili

Ran da na miƙa wa 'yar ƙanwata makullan sito, bayan gwiwa ta ƙi yarda in ƙara hawa tsani, tambayar farko da ta yi mini ita ce, "Kawu, me kake ganin za a yi yayi nan da shekara biyar?" Ta miƙo mini waya. Hoton wani zauren biki ne, furanni na zubowa daga rufi kamar ruwan Agusta, kujerar amarya na bisa wani abu mai kama da gajimare. Ta ce ba a gina shi ba tukuna, kwamfuta ce ta zana, ita dai ta faɗa mata abin da take so. Na duba da kyau na ce, "To in magariba ta yi, ina mutane za su tuɓe takalma?" Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce.

Ba zolaya ba ce, tambayar maigidana ce, Allah Ya jiƙansa. Shi ya ɗauke ni ina ɗan saurayi mai dakon sanduna, kuma aikin farko da na bi shi na kwana a waje shi ne hawan daba na FESTAC a Kaduna, a 1977. Ba mu muka yi rumfar manya ba, masaukin wasu mahaya muka kafa, da zana da igiya. Bai taɓa kiran kansa mai dekoreshan ba. Mai rumfa yake cewa.

Yana da wata ɗabi'a da yake kira gaida fili. In an ba shi aiki, ko ɗaurin aure ne ko taron kamfani, sai ya je wurin kwana biyu kafin ranar, daidai lokacin da za a yi taron. Ya shimfiɗa buzunsa ya zauna, ba awo, ba takarda. Ni kuwa ina tsaye da buta, ƙafa tana zogi. Sai ya nuna da sanda: nan inuwar darbejiya za ta kai bayan la'asar, nan za a sa dattawa. Baƙi su fuskanci gabas, rana ta faɗi a bayansu. In damina ce, hadari daga gabas yake tasowa, a ninka igiyar wannan ɓangaren. In hunturu ne, a kare arewa da zana, kada ƙura ta sauka a abinci. Sannan ya tashi ya taka hanyar da mata za su bi ba tare da sun ratsa maza ba, ya ware wurin alwala inda ruwa ba zai gangaro ƙarƙashin tabarma ba, ya bar fili don sahu. Daga ƙarshe ya zaɓi lungun da za a ajiye wa almajirai nasu daron, don ya ce taron da bai yi tanadin wanda ba a gayyata ba, ba a gama tsara shi ba.

Yau akwai ƙatti a bakin ƙofa suna duba kati. Na ga an tare gwaggon ango a waje saboda katinta yana cikin wayar jikarta.

Na yi wautata ni ma. Wani banki ya yi taron ƙarshen shekara a wani otal a nan Kano, maigida ya bar mini jeren babban tebur. Na bi takardar da suka ba ni, na sa manajan da ya zo daga Legas a tsakiya, na tura wani hakimi can gefe kusa da lasifika. Maigida ya shigo ana saura rabin awa. Bai yi mini tsawa ba. Ya sa aka ɗauko kilishi ja aka shimfiɗa ƙarƙashin kujerar hakimin, aka ɗan turo ta gaba kamar taki ɗaya, aka matsar da lasifikar, aka bar wurin da dogarai za su tsaya. Manaja yana tsakiyarsa, hakimi yana kan kilishinsa, kowa ya tafi yana ganin shi aka girmama. A hanyar gida ya ce mini, "Takarda ta san muƙami, ba ta san mutum ba." Na kai sati ina jin kunyar haɗa ido da shi.

Wancan zamani ne na masana'antu. Bompai, Sharaɗa, Challawa, da masaƙun Kaduna, duk ƙarshen shekara sai an yi walimar ma'aikata, a ba wanda ya daɗe agogon bango ko keke ko keken ɗinki. Kujerun ƙarfe masu naɗewa, farin ƙyalle a tebur, tuta, shi ke nan. Da masaƙun suka fara rufewa, aikin ya bi su. Sai 2001 ta kawo kamfanonin wayar salula, kowa da launinsa. Su suka koya mana cewa ruwan ɗorawa ma iri-iri ne. Za a aiko maka da littafi, a ce wannan launin ake so ba ɗan'uwansa ba, ka wuni a Kantin Kwari kana kara yadi da takarda. Na yi gunaguni a lokacin, amma gaskiya sun gyara mana hannu, kuma sun koya mana gama aiki kafin baƙo na farko ya iso.

Na tsallake mata, kuma bai kamata ba. Kafin mu, masu tsara biki na ainihi su ne gwaggwanni da innoni masu jere. Duk wanda ya ga ɗakin amarya na da, tasoshi da langa da fanteka an ɗora su tun daga ƙasa har kusa da rufi, babba a ƙasa ƙarami a sama, ba wanda ya karkace, ya san ido ba a makaranta aka fara koyonsa ba. Kamu a tsakar gida ake yi, da turare da guɗa da kiɗan ƙwarya. In gidan masu hali ne a ɗauko masu amada irin su Barmani Choge. Namu aikin a ƙofar gida yake tsayawa. Fim ne ya shigar da mu ciki: tun da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a 1990, amare suka fara zuwa da kaset suna cewa irin wannan kujerar suke so. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 walima ta yi kasuwa, muka koyi raba zaure da labule. Daga nan ranaku suka yi ta haihuwa: daren Larabawa, ranar Fulani, ranar ƙauyawa, dina. Sai Instagram ya zo ya juya komai ya fuskanci kyamara.

A nan ne raina yake ɓaci. Yaro zai zo ya yi hayar kujeruna da rumfunana, ya kira yarana su kwana suna ɗauri, ya iso da safe da turare ya ɗauki hoto ya sa sunansa. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zauren da aka kashe wa miliyoyi, bayan amarya ya yi kyau kamar aljannar duniya, amma tsohuwar da ke teburin ƙarshe ba ta ganin komai sai ginshiƙi, ba ta jin komai sai ƙarar ganga a ƙirjinta, abinci kuma ya ƙare kafin ya iso gare ta. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yanzu ga tabarma ta alfarma, fuskar ce babu.

Amma 'yar ƙanwata ta tambaye ni gaba, bari in amsa. A 2020, da korona ta kulle gari, na ga an ɗaura aure da mutum goma a zaure, 'yan'uwa suna kallo ta waya daga Jidda da Landan, kuma auren bai ragu da komai ba. Kamfanoni sun ɗanɗana taron Zoom sun ga kuɗin jirgi da otal sun tsaya a aljihu, ba za su manta ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin janareta ya sa mutane suna haɗe kamu da dina a yini ɗaya, suna komawa taron rana, suna tambayar sola da batir. Taro zai ƙanƙance. Kayan gida kuma suna dawowa: faifai, ƙwarya, tabarmar kaba, rinin Ƙofar Mata. Abin da muka jefar a bayan sito shi ake haya da tsada yau. Kuma in baƙi sun ragu daga dubu zuwa ɗari, ba inda za ka ɓoye wanda ka wulaƙanta. Kowa za a gan shi, kowa zai tuna inda aka zaunar da shi. Kwamfuta za ta zana miki rufi, ba za ta gaya miki cewa matan nan biyu kishiyoyi ne, kada a haɗa su tebur ba.

Makon jiya ta samu aikin walima a wani fili a Hotoro. Na ce ta zo ta ɗauke ni bayan la'asar. Muka zauna a benci, ta yi ta duba agogo, ni ban ce komai ba. Can sai ta miƙe ta je bakin wata kwata da ta ratsa mashiga ta tsaya. "Kawu, kakar amarya a keken guragu take. Ba za ta haye nan ba." Ni ban ma lura da kwatar ba, inuwa nake bi. Ta ciro waya ta ɗauki hoton wurin ta tura wa kafinta. Na bar ta ta ɗauka.