Tsakanin Kara da Yaudara: Ina Ƙarya Take Farawa?

Baƙon da ya sauka a wani gida a Kabo, aka ajiye masa tuwo ya ce "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake", alhali tun safe bai sa komai a bakinsa ba, ƙarya ya yi? Maigidan bai ɗauke ta haka ba. Sai ya ce, "Haba Malam, ko loma ɗaya ce." Kowannensu ya san fassarar maganar ɗan'uwansa. Haka majinyacin da ke cewa "da sauƙi" yana nishi.

A laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya jera gaskiya tare da kunya da mutunci cikin halayen da Bahaushe ke yabo. Wasu na ganin halayen nan suna karo da juna, wai kunya ce ke tilasta mana ƙarya. Ban yarda ba. Ma'aunin da nake kafawa shi ne ko mai sauraro yana riƙe da mabuɗin zancen. Mai tatsuniya ma yakan rufe da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryarsa, yara kuwa ba a cuce su ba, don sun san filin da aka shiga.

A kasuwar dabbobi irin ta Getso, cikin ƙasar Gwarzo, iyakar ta fi fitowa fili. Mai saye ya taya, mai sa ya ce "albarka", kowa ya san ciniki ne bai nuna ba tukuna. Amma dillalin da ya san dabba na da tari ya yi shiru saboda la'ada, ko ya ce "wallahi an taya fiye da haka" alhali babu wanda ya taya, ya ɓoye mabuɗin a aljihunsa. Salon maganarsa iri ɗaya ne da na baƙon Kabo, shi ya sa take shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne rantsuwar. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan yankin nan, ta bayyana cewa rantsuwar ƙarya da gangan kaffara ba ta kankare ta, sai tuba. Duk da haka "wallahi" ta koma gishirin ciniki, har manomin da ya kawo masararsa mai kyau sai ya rantse sau uku kafin a daina tona ƙasan buhunsa ana neman algus.