Hikayoyin Yunanawa a Dandalin Wasan Kwaikwayo na Afirka ta Yamma

Hikayoyin Yunanawa, waɗanda Sofokilis da Yuribidis suka mayar wasan kwaikwayo a birnin Atina a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, sun iso Afirka ta Yamma ta makarantun boko, amma ba su zauna da gindinsu ba sai da yaƙi ya ci gida.

Fitaccen misalin al'amarin shi ne wasan Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame. Waɗansu suna ba shi shekarar 1971, alhali wannan shekarar ɗab'i ce kurum; an fara nuna shi a Ile-Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasar Nijeriya, kuma wanda ya gafala daga wannan tarihi bai fahimci wasan ba. Rotimi ya ɗauko ƙissar Odibus, sarkin da aka hukunta masa kashe mahaifinsa da auren mahaifiyarsa, ya mai da shi Bayarabe mai suna Odewale, sa'an nan ya sauya sababin kisan, ya zamana jayayya ce a kan gona, da ba'ar da dattijon ya yi wa harshen ƙabilarsa, domin jama'a su gane bai halatta a jingina wa ƙaddara ko manyan dauloli fitinar da ƙabilanci ya haddasa ba.

Wole Soyinka ya biyo baya da The Bacchae of Euripides a Landan a 1973. A 2004, bayan Amurka ta auka wa Iraƙi, Femi Osofisan ya fito da Women of Owu, inda makokin matan Taroya na wasan Yuribidis ya koma bakin matan Owu, birnin da rundunonin Ife da Ijebu suka rushe wajen 1821.

Dandalin Nijar kuwa tarihin gida ya fuskanta. André Salifou ya rubuta Tanimoune a kan Sarkin Damagaram, ƙungiyar samariya kuma ta yawaita wasanni da Hausa a zamanin Seyni Kountché. Yankin Maraɗi ya fi ko'ina abin ginin irin wannan wasa, domin Katsinawan da jihadi ya fitar daga birninsu su suka kafa sarauta a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819, Gobirawa kuma suka gina Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda. Mai nufin rubuta wasan yaƙi da Hausa, daga Gawakuke ya kamata ya fara.