Daga Zaure zuwa Salula: Tarihin Sirrin Masoya a Adar

Adar ƙasa ce ta ƴan bida. Tun zamanin mulkin Faransa, lokacin da neman kuɗin haraji ya riƙa fitar da maza daga gida, samarin Tawa da Kalfu da Barmu suka saba da barin gari bayan girbi, su nufi Kano ko Gana ko Abijan, daga baya kuma Libiya da Aljeriya. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara tsawaita tafiyar. Saboda haka neman aure daga nesa ba baƙon abu ba ne ga Ba'adare. Abin da ya sauya shi ne wanda ke riƙe da sirrin masoya.

A gida, zance yana da iyakarsa. Saurayi yakan tsaya a ƙofar gida ko a zaure, a aika yaro ya kira budurwa, ta fito tare da ƙanwa ko ƙawa. Jama'a na ganinsu amma ba sa jin abin da suke faɗi, kuma maganar ba ta barin wata shaida bayanta.

Da bida ta raba su, sai na uku ya shiga tsakani. Akwai mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, da ɗan lakkwal ko malamin ajami da zai karanta ta. A shekarun 1980 kaset ya yawaita: ɗan bida ya ɗauki muryarsa, ya ba direba ko abokin da zai koma, a saurara a tsakar gida. Kowa ya san saƙon zai bi ta kunnen wani, don haka akan auna magana kafin a furta. Shi ma ɗan aiken sananne ne, an san iyayensa. In ya tona asiri, kunyar tasa ce.

Kamfanin Celtel ya soma aikin salula a Nijar a 2001, kuma a 2013 WhatsApp ya kawo saƙon murya, wanda ya ɗauke wa marar karatu buƙatar mai karanta masa. Masoya suka ɗauka na uku ya kau, alhali yawa ya yi: mai cajin waya a kasuwa, mai gyara, mai zuba waƙoƙi, da yayan da aka ari wayarsa. Wani lokaci manemin da aka haɗu da shi a Facebook ba wanda ya san gidansu. Hoto guda da budurwa ta aika bisa amana yakan zama abin yi mata barazana, ya fasa baiko ko ya raba ta da makaranta.

Hukuma ta biyo baya. Dokar 3 ga Mayu 2017 kan kare bayanan mutum ta tanadi kafa hukumar HAPDP, aka maye gurbinta da sabuwa a Disamba 2022, kuma dokar hukunta laifuffukan intanet ta zo a 2019. Sai dai iyali da yawa sukan zaɓi rufin asiri a kan kai ƙara, hoton da ya bazu kuwa alƙali ba ya iya dawo da shi.

Iyakar da zaure da kunya suka riƙa tsarewa ta koma hannun mai waya: ya kulle ta da lambar sirri, ya goge abin da ke ciki kafin ya miƙa wa mai gyara, ya nemi sanin dangin manemi tun da wuri. Ƙa'idar zamanin kaset kuma tana nan daram: abin da mutum ba zai so a ji a tsakar gida ba, kada ya ɗauka ya aika.