Anini Mai Huji da Abin da Masu Tara Tsoffin Kuɗi Ke Nema

Har yau idan mutum ya ce ba shi da ko anini, kowa ya gane. Amma a tara samarin Sabo goma, da ƙyar a samu guda da ya taɓa riƙe aninin a hannu. Alhali a gidaje da yawa na unguwar nan, musamman gidajen tsoffin fataken goro, akwai gwangwani ko ƙasan adaka da aninai da kwabbai ke kwance, sun gauraya da tsabar Saudiyya da mahajjata suka dawo da ita da ta sefa. Tambayar da magada ke yi ita ce: wannan tarkace ne, ko kuɗi ne?

Anini baƙo ne, a Ingila aka riƙa buga shi. Ya fara fitowa a 1907, kuma guda goma ke yin kwabo ɗaya. Turawa sun ga kwabo ya yi wa cefanen talaka girma, tunda jama'a sun saba da wuri, wanda ake sayen ɗan gishiri da ƙwayoyi kaɗan. Sai suka yi masa huji a tsakiya don a zura a zare kamar yadda aka saba, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsa. Na farkon da alminiyam aka yi shi, yana cikin tsabar kuɗin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Bai jure gumi da danshi ba, a 1908 aka koma haɗin tagulla da nikel. Shi ya sa mai neman tsoffin kuɗi ya fi ɗokin na alminiyam ɗin da bai cinye ba.

A 1912 aka kafa hukumar kuɗi guda ga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Bafataken da ya tashi daga Ibadan zuwa Kumasi da kuɗi iri ɗaya yake ciniki, ba ruwansa da ɗan canji. Wannan ya ƙare bayan Gana ta yi nata a 1958, mu kuma a 1959, sannan naira da kwabo suka zo a Janairun 1973.

Wanda ya fi labari shi ne na 1936. A Janairun shekarar Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila, a Disamba ya yi murabus saboda matar da ya nace sai ya aura. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da hotonsa ba. Amma namu mai huji ne, ba wurin hoto, suna kawai ake rubutawa, don haka anini da ɗari da kwabo masu sunansa suka shiga kasuwanninmu. To sai dai kada mai shi ya fara lissafin gida da mota: an buga su da yawan gaske, kuma araha ne da su a wajen masu tarawa.

A nan mutanenmu ke ruɗewa. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, ƙaranci ke sawa. A 1943 Amurka ta buga santinta da baƙin ƙarfe domin yaƙi na cin tagulla, sai 'yan ƙwayoyi suka fito da tagulla bisa kuskure. Ɗaya daga cikinsu an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Kwabon Ingila na 1933 ba su kai goma ba. Ko na kwanan nan ma: Monako ta buga yuro 2 mai hoton Gimbiya Grace guda 20,001 a 2007, yau sai da dubban yuro. Wannan ya kamata 'yan canjinmu su ji, su da ke watsa tsabar Turai a aljihun tebur don banki ba ya karɓa.

Masu yawo suna cewa akwai wani sinadarin sirri a cikin kwabo mai huji, a kawo kuɗin gwaji kafin Bature ya saya, damfara ce tsagwaronta. Tagulla ce, ko haɗin tagulla da nikel, ba wani abu.

Mai son ya san abin da ke hannunsa, ya duba shekara, ya duba ɗan harafin da ke nuna masana'anta: H da KN duk na Birmingham ne, kuma a wasu shekarun harafin nan kaɗai ke raba mai araha da mai tsada. Sannan don Allah kada a dirje shi da toka ko lemon tsami. Masu saye sun fi son sa da dattinsa na asali, wanda aka goge kuwa farashinsa faɗuwa yake.