Tsatsa a Ƙarƙashin Fijo: Tarihin 504 da Hanyar Birnin Gwari

Kafin hanyar Kaduna zuwa Abuja ta ɗauke yawancin zirga-zirgar Kudu, matafiyin da ya nufi Legas daga Kaduna yakan bi ta Buruku da Udawa, ya ratsa dajin Birnin Gwari, ya faɗa Tegina, sannan ya gangara Jebba. Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari kimanin kilomita 120 ne, kuma motar da ta fi sanin ramukan wannan hanya ita ce Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo.

An fito da 504 a Faransa a 1968, ta kuma zama gwarzuwar motar Turai ta shekarar 1969. A 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya lashe tseren Safari na Gabashin Afirka da ita. A shekarar ce kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna. Mulkin Murtala da Obasanjo ya mai da ita motar manyan ma'aikatan gwamnati, daga baya ta zama ta haya, samfurin a-kori-kura kuma ya riƙa kwasar masara daga ƙauyuka. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000.

Asirin juriyarta yana ƙasa, inda ido ba ya gani. Ƙarfin injin yana bi ta kuloci da giyabos, ya shiga farfela, ya isa aksul na baya. Injiniyoyin Peugeot sun sa farfelar cikin wani bututun ƙarfe mai kauri, wanda ke kare ta daga duwatsu da laka, yake kuma ɗaukar girgizar hanya.

Sai dai abin da rami bai karya ba, zama yana cinye shi. Muddin mota na tafiya, mai yana wanke haƙoran giya, zafi kuma yana korar raɓa. Idan aka ajiye ta, man ya kwanta a ƙasa, iska mai danshi ta shiga, ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska ya zama tsatsa. Jar lakar damina da ta manne a jikin aksul tana riƙe lema makonni bayan ɗaukewar ruwa. Shekarun da 'yan bindiga suka hana bin hanyar Birnin Gwari sun tsayar da sufuri, kuma tsohuwar motar da ta daina kawo kuɗi, ƙarshenta hannun 'yan gwangwan, a yanka ta a auna a sikeli.

Wanda ke son ceto irin wannan mota, ƙa'idarsa ɗaya ce: a cire tsatsa, kada a cire ƙarfe. Ana fara kwance komai, a wanke da kananzir, domin maganin tsatsa ba ya ratsa giris. Bayan gidan aksul da bututun farfela suna jure burushin waya ko feshin yashi. Amma haƙoran giya da mazaunin boris ba su son yashi ko kaɗan, domin ƙwaya ɗaya da ta ɓuya a ciki ta isa ta lalata aikin. Waɗannan ana jiƙa su ne a ruwan tsami mai sauƙi, irin na lemon tsami, ko a tsoma su a ruwan soda a haɗa da cajar batir, wutar ta ɓamɓare tsatsar ta bar lafiyayyen ƙarfe. Akwai kuma asid na fosfarik, wanda ke mayar da ragowar tsatsa baƙar fata mai karɓar fenti.

Daga nan sai gaggawa, domin wankakken ƙarfe yakan yi ja kafin gari ya waye. A busar da shi, a shafa jan fenti na ƙasa, sannan baƙi a sama. Sassan da ke gogayya da juna kuwa mai ake shafa musu, ba fenti ba. Idan tsatsa ta riga ta haƙa ramuka a inda boris ko robar tare mai ke zama, fenti ba zai ɓoye ta ba, sai a nemi wani. A nan ne maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna ke da rana, su da suka saba sassaƙa abin da kanti ya daina sayarwa.

A watan Nuwambar 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, motoci suka fara komawa hanya. Yawancinsu na Japan ne yanzu. Fijon da suka rage kaɗan ne, kuma kowane aksul da aka narkar ba za a sake haɗa irinsa a Kakuri ba. Mai irin wannan mota a bayan gida, kafin ya kira mai sikeli, ya fara leƙa ƙarƙashinta da burushi a hannu.